Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Yadda Ake Shirya Tafiyar Ƙasa da Jaka a Baya Lokacin Zafi

Wanda bai taɓa yi ba, idan ya ga hoton wani tsaye a kan tsauni, jaka goye a baya, kwari shimfiɗe a ƙasansa kore shar, sai ya ɗauka abin na masu ƙarfin ƙafa ne. Ƙarfi yana da nasa wurin. Amma yawancin waɗanda tafiya ke kwaɓe musu ƙarfafa ne, matasa ma. Lissafi ne ya kuɓuce musu tun suna gida: sa'o'i nawa hanyar za ta ci, kilo nawa bayansu zai ɗauka, lita nawa za su sha kafin su kai ga ruwa na gaba. Wanda ya san amsar waɗannan uku kafin ya ɗaura takalmi, shi ne zai sami sukunin ɗaga kai ya kalli abin da ya fito kallo.

Mataki na farko: zaɓi hanya daidai ƙafarka

Kada tafiyarka ta farko ta zama ta kwana. Fara da yini guda, kilomita 8 zuwa 12, a hanyar da aka yi wa alama kuma mutane na bi. Yi haka sau uku ko huɗu, kana ƙara wa jakar nauyi kowane zuwa. Daga nan ka gwada kwana ɗaya a wurin da, in abu ya ƙi, za ka iya fitowa titi cikin sa'o'i biyu.

Manyan hanyoyin duniya suna nan, ba inda za su. Zagayen da ake kira Tour du Mont Blanc ya kai kusan kilomita 170, ya ratsa Faransa da Italiya da Suwizalan, kuma hawan da ke cikinsa idan aka tara ya kai wajen mita 10,000. Akasari kwana 10 ko 11 ake yi. West Highland Way ta Sikotlan kilomita 154 ce. Hanyar Appalachian ta Amurka ta kai kusan kilomita 3,500, ta ratsa jihohi 14, masu bin ta gaba ɗaya kan share wata biyar ko shida. Duk waɗannan da yini ɗaya-ɗaya ake cin su, kuma yinin farko a bayan gari ake koyonsa.

Ka kuma tuna lokacin zafi ba ɗaya ba ne ko'ina. A ƙasashen arewacin duniya masu sanyi, irin su na Turai da Amurka, Yuni zuwa Agusta ne, a irinsu na kudanci Disamba zuwa Fabrairu. A tsaunuka masu tsawo ƙanƙara kan rufe mashigai har cikin Yuni, shi ya sa ɗakunan kwanan matafiya na tsaunukan Alps da ke Turai suka fi buɗewa daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba.

Mataki na biyu: auna hanya da sa'o'i

Nan ne ya kamata ka fi ɓata lokaci. Taswira tana gaya maka nisa, ƙafa kuwa hawa take ji. Kilomita goma a fili shafe da kilomita goma a jikin tsauni ba su haɗa komai ba sai suna.

A shekarar 1892 wani mai hawan tsauni ɗan Sikotlan, William Naismith, ya fitar da ƙa'idar da har yau ake aiki da ita: ka ware sa'a ɗaya ga kowane kilomita 5, sannan ka ƙara sa'a ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. A ce hanyarka kilomita 12 ce, hawanta mita 900. Nisan zai ci kusan sa'o'i biyu da rabi, hawan ya ci ɗaya da rabi, jimla huɗu ke nan. To, amma lissafin na mutum ne mai lafiya, mara kaya, wanda ba ya tsayawa. Kai da jaka a baya, da hutu, da cin abinci, da tsayawa ɗaukar hoto, ƙara aƙalla kashi ɗaya cikin uku. Huɗun nan ta koma biyar da rabi ko shida. Idan kuna da yawa, da ƙafar wanda ya fi kowa nawa za a yi lissafin.

Don ka iya wannan sai ka iya karanta taswira. A mai ma'aunin 1:25,000, santimita 4 kilomita ɗaya ce. A mai 1:50,000, santimita 2. Siraran layukan nan masu lanƙwasa su ne ke nuna tsawon ƙasa. Inda suka matse juna, hawa ne tsaye. Inda suka warwatsu, ƙasa ta kwanta. Ƙirga layukan da hanyarka ta tsallaka a inda take hawa, ka ninka da tazarar da aka rubuta a gefen taswirar, ka sami yawan hawan. Taswirar waya na da amfani ƙwarai, musamman in ka sauke ta tun kana da intanet, sai dai batir na mutuwa, waya na faɗuwa a ruwa. Ta takarda da kamfas, wato na'urar da ke nuna arewa, su zauna a jaka.

Sai abu mafi muhimmanci a wannan mataki: tsayar da lokacin juyowa. Ka ce, misali, ƙarfe ɗaya na rana ko na kai ƙololuwa ko ban kai ba, zan juya. Ka yanke wannan a gida, lokacin da kanka ke sanyi, domin a can sama, ƙololuwa na kallonka kamar ka miƙa hannu ka taɓa, zuciya ba ta ba da shawarar kirki. Na taɓa karya wannan doka tawa da kaina don abin da na ga kamar minti ashirin ne. Sa'a ɗaya da rabi ya ci, na sauko da tocila a baki ina lalube da hannu biyu.

Kafin ka fita, rubuta wa wani amintacce hanyar da za ka bi, inda za ka kwana, da sa'ar da in bai ji daga gare ka ba zai nemi taimako.

Mataki na uku: takalmi da safa

Sayi takalmi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kuma ka gwada shi da safar da za ka yi tafiyar da ita. Bar tazarar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafarka da bakin takalmin, in ba haka ba gangara za ta baƙanta maka farce. Dunduniya kuwa kada ta riƙa zamewa sama da ƙasa. Sabon takalmi ba ya zuwa doguwar tafiya sai ya yi makonni yana yawo da kai cikin gari.

Safar auduga tana shan gumi ta riƙe, fata ta yi laushi, gogayya ta tayar da bororo. Nemi ta ulu ko ta zaren roba, ka ɗauki ta canji. Da zarar ka ji wani wuri a ƙafarka ya fara ɗumi, tsaya nan take, cire takalmi, manna filasta. Minti biyar ne. Kunyar tsayar da abokan tafiya ita ke sa mutum ya yi kwana uku yana ɗingishi.

Mataki na huɗu: jaka da abin da zai shiga cikinta

Ga tafiyar yini, jaka mai cin lita 20 zuwa 30 ta isa. Ga ta kwanaki, 50 zuwa 65. Kada ka sayi wadda ta fi haka, domin duk girman jaka sai an cika ta. Abin da aka saba bi shi ne kada jakar kwana ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinka: mai kilo 70 ya tsaya a 14, har da ruwa da guzuri. Ɗora ta a sikeli, kada ka auna da hannu.

Shirin ciki yana da tsari. Buhun barci da kayan da ba ka buƙata sai dare su tafi can ƙasa. Masu nauyi, wato abinci da ruwa da tukunya, su zauna a tsakiya, manne da bayanka. Rigar ruwa da rigar sanyi da akwatin magani a sama, inda hannu zai kai ba tare da an zazzage komai ba. Shimfiɗa babbar leda mai kauri a cikin jakar kafin ka zuba kaya. Ta fi murfin waje tsare ruwa. Idan ka goya, fara ɗaure ɗamarar ƙugu a kan ƙashin kwankwaso, sannan ka ja na kafaɗa. Ƙugu ne ya kamata ya ɗauki yawancin nauyin. In kafaɗa ce ke maka zogi bayan sa'a ɗaya, ɗaurin ne bai yi ba.

Akwai kayan da ba a bari ko da tafiyar sa'o'i uku ce: tocilar goshi, usur, ashana ko laita a cikin leda, ƙaramar wuƙa, hula mai faɗi, man kare fata daga rana, filasta da bandeji da matsefata, da rigar sanyi. Wannan ta ƙarshe ita mutane ke raina wa, wai ai lokacin zafi ne. Iska na yin sanyi da kusan digiri 6 da rabi a kowace mita 1,000 ta hawa. Ka bar gindin tsauni a digiri 28, ka hau mita 2,000, ka tarar da 15, ga iska, ga rigarka sharkaf da gumi. A haka sanyi ke kayar da mutum tsakiyar watan Yuli. Rana kuma ta fi cizo a sama, ko da ba ka jin zafinta.

Guzuri a taƙaice: abin da ba shi da ruwa a jiki, ba ya lalacewa, kuma yana dahuwa da wuri. Mai yana ba da ƙarfi fiye da ninki biyu na abin da sitaci ke bayarwa a nauyi ɗaya, don haka kayan ci masu maiƙo sun fi biyan kuɗin ɗaukarsu. Ƙara na yini guda a kan lissafinka.

Mataki na biyar: ruwa da rana

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, shi ya sa ba a iya ɗaukar na kwana uku a baya. Abin yi shi ne ka yi wa taswirarka alama a duk inda ake samun ruwa, ka kuma tambayi waɗanda suka bi hanyar kwanan nan, don ƙoramar da ke kan takarda tana iya ƙafewa a ƙarshen zafi. Matambayi ba ya ɓata. A matsakaicin yanayi lissafa rabin lita a sa'a. A tsananin rana da hawa, yana iya kai lita guda.

Ruwan daji komai garai-garai ɗinsa ba a yarda da shi, domin ba ka san abin da ya mutu ko ya yi kashi a sama da kai ba. Tafasawa ta fi kowace hanya tabbas: minti ɗaya yana ɓararraka, ko minti uku in ka haura mita 2,000, saboda a can ruwa na tafasa tun bai yi zafi sosai ba. Matatar hannu tana da sauri, tana kama yawancin ƙwayoyin da ke kawo gudawa, amma galibinsu ba sa tare ƙwayoyin bairos. Ƙwayar magani da ake jefawa a gora ba ta da nauyi, sai dai tana son jira: rabin sa'a ga yawancin ƙwayoyin cuta, har sa'o'i huɗu ga masu taurin kai. Karanta abin da aka rubuta a kwalin, ka bi.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: ruwa zalla da yawa ma yana da nasa haɗarin. Gumi na fita da gishiri. Wanda ya yini yana ɗirkar ruwa ba ya cin komai, gishirin jininsa na iya faɗuwa, ya kama ciwon kai da tashin zuciya da ruɗewa, shi kuma ya zaci ƙishirwa ce ya ƙara sha. Riƙa cin ɗan abu mai gishiri tare da shan. Fitsari shi ne ma'auninka: in ya yi duhu kuma ya ragu, kana baya.

Ka san bambancin galabaita da bugun zafi. Wanda ya galabaita yana gumi sosai, yana jin jiri da kasala, amma hankalinsa na jikinsa. Kai shi inuwa, a sassauta masa kaya, a jiƙa shi, ya sha a hankali, tafiyar ranar ta ƙare. Wanda kuwa ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko bai san inda yake ba, wannan rai ne a hannun Allah: zafin jikinsa ya kai wajen digiri 40. A sanyaya shi da duk ruwan da ke akwai, a yi masa fifita, a kira agaji ba tare da jira ba. A ƙasashen Tarayyar Turai lambar 112 ce, a Amurka 911. Duk inda za ka, san lambar wurin kafin ka shiga.

Masu kula da kwazazzabon Grand Canyon na Amurka suna gargaɗin kada a yi tafiya tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma a watannin zafi. Tarkon wurin shi ne da gangara ake farawa, mutum na jin daɗi yana ta sauka, ƙasan kuma ya fi sama zafi nesa ba kusa ba, sannan hawan dawowa ya ci ninki biyu na lokacin. Duk hanyar da ta fara da sauka, ka yi mata irin wannan zato.

Mataki na shida: ranar tafiya

Yi sammako. Sa'o'in da ke tsakanin ketowar alfijir da hantsi su ne mafi daɗi a yini: iska da sanyi, raɓa a ciyawa, tsuntsaye na kuka, haske na kwance a jikin duwatsu. Fara a hankali, da takun da za ka iya hira ba ka haki. A hawa gajarta taku. Huta minti biyar zuwa goma kowace sa'a, kada ka daɗe har jiki ya yi sanyi. Sanduna biyu na rage wa gwiwa wahala a gangara, wanda kuma ya taɓa sauka mita dubu da kaya ya san gwiwa ce ke biyan bashin.

Sammako yana da wani dalili. A tsaunuka, hadarin lokacin zafi da rana tsaka zuwa la'asar ya fi haɗuwa, don haka so ake ka bar ƙololuwa kafin nan. In ka ga walƙiya, ƙirga daƙiƙu har ka ji tsawa. Kowane uku kilomita ɗaya ne. Ƙasa da 30, kana inda za ta iya samunka. Sauka daga tudu, nisanci bishiyar da ke tsaye ita kaɗai da bakin ruwa da shingen waya, ku warwatsu in kuna da yawa, kuma kada ka koma sama sai an yi minti 30 da jin tsawar ƙarshe.

Tsallaka rafi: kwance ɗamarar ƙugu don ka iya yar da jakar in ka faɗi, fuskanci inda ruwan ke fitowa, bar takalmi a ƙafa. Ruwa mai gudu da ya haura gwiwa, a haƙura. Rafin da narkewar ƙanƙara ke ciyarwa ya fi ƙanƙanta da safe, ya cika da yamma.

Idan hanyarka ta haura mita 2,500, ciwon kai da rashin barci da rashin son abinci na iya zama alamar ƙarancin iska. Kada ka ƙara hawa da su. In sun tsananta, sauka. Sama da mita 3,000, kada wurin kwananka ya ɗara na jiya da fiye da mita 500.

Mataki na bakwai: ya da zango

Isa da sauran rana, aƙalla sa'o'i biyu. Nemi wuri shafe, ɗan tudu kaɗan, ba cikin busasshen kwari da ruwa zai iya biyowa da dare ba, ba kuma ƙarƙashin mataccen reshe ba. Bar tazarar mita 60 tsakaninka da ruwa. Bayan gida ma haka: rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, mita 60 daga ruwa da hanya, a rufe. Shara duka ta koma jaka, har ɓawon 'ya'yan itace. Wuta a lokacin rani sai inda aka halatta. Ƙaramin murhun gas ya fi sauri, ba ya kuma barin tabo.

Dokar kwana a fili ta bambanta ƙwarai, kuma rashin sani ba ya hana tara. A Nowe doka ta ba kowa damar kafa tanti a ƙasar da ba a nomawa, muddin ya nisanci gidan da ake zaune da mita 150, har kwana biyu a wuri ɗaya. Sikotlan ta ba da irin wannan dama a dokarta ta 2003. Ingila, maƙwabciyarta, a mafi yawan wurare sai da izinin mai ƙasa. Gandun dajin gwamnati da yawa kuma sai da takardar izini da ake nema tun watanni.

Ratsa gonaki da makiyaya

Ƙauyen da kake gani abin sha'awa wurin neman abincin wani ne. Bi turba, kada ka keta shuka. Ƙofar shinge ka bar ta yadda ka same ta. Gai da mutane, nemi izini kafin ɗaukar hotonsu. Saniya mai ɗan maraƙi a kewaye ta daga nesa, kada a shiga tsakaninta da ɗanta. In kana da kare kuma shanu suka taso, saki igiyarsa, ya fi ka gudu.

A doguwar ciyawa cusa ƙafar wando cikin safa saboda kaska, ka kuma duba jikinka kowace yamma: bayan gwiwa, hammata, ƙugu, bayan kunne. In ka samu, kama ta da matsefata daf da fata, ja a miƙe a hankali, kada ka ƙona ta ko ka shafa mata mai. A Turai da Arewacin Amurka tana ɗauke da cutar Lyme. Jan tabo mai faɗaɗa kamar zobe, ko zazzaɓi cikin wata guda bayan cizon, na likita ne.

Idan hanya ta ɓace

Tsaya. Zauna ma, sha ruwa. Mai ruɗewa sauri yake ƙarawa, yana ƙara nisa da inda ya sani. Tuna alama ta ƙarshe da ka gani. In ka tabbata za ka iya komawa gare ta, koma. In ba ka tabbata ba, ko duhu ya kusa, zauna inda kake, sa rigar sanyi tun kafin ka ji sanyin, ka busa usur. A tsaunukan Turai busa shida a minti ɗaya ne kiran ceto, a huta minti ɗaya a sake. A Amurka uku. Saƙon tes kan fita a inda kira ya ƙi.

Da ka dawo gida, sanar da wanda ka bar wa saƙo kafin ka yi wanka. Shanya tanti da buhun barci har su bushe ƙarau, in ba haka ba su yi funfuna. Sannan zazzage jakar a ƙasa ka kasa kayan uku: waɗanda ka yi amfani da su kullum, na ko-ta-kwana, da waɗanda ba ka ko taɓa ba. Kashi na ukun nan ka auna shi a sikeli, ka rubuta nauyinsa a gefen taswirar, tare da sa'o'in da hanyar ta ci maka da litar da ka sha.